Tambaya da Amsa: Mece ce Ƙungiyar BRICS?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwar Kantin Kwari ne a Kano, kuma tsadar dala ta addabi masu shigo da atamfa daga Sin. Shin BRICS za ta kawo mana sauƙi?

Amsa: Alhaji, ƙasashen Brazil, Rasha, Indiya da Sin ne suka fara taron shugabanninsu a 2009, Afirka ta Kudu ta shiga daga baya, sannan Najeriya ta zama ƙasar haɗin gwiwa, wato abokiyar hulɗa ba cikakkiyar mamba ba, a 2025. Suna neman a riƙa ciniki da kuɗaɗen gida maimakon dala, amma har yanzu ba su da kuɗin bai ɗaya, don haka a ganina sauƙin da kake jira ba zai iso shagonka nan kusa ba.