Amsa kan naɗar lacca da ajin Second Life

Malam, kun tambaya ko ku fara da naɗar lacca a murya ko da ajin Second Life, wato duniyar kwaikwayo ta intanet inda malami da ɗalibai ke haɗuwa da siffofinsu na kwamfuta. Ku fara da murya. Ku naɗa da manhajar naɗar murya ta Audacity, makirufo na nesa da baki kamar taƙi ɗaya, a ɗaki mai labule ko darduma, a kashe fanka, don ƙugin ta na shiga sosai. Ku ajiye a MP3, layin sauti ɗaya (mono), ingancin sauti 64 kbps: minti 15 zai kai kusan MB 7, ɗalibi ya sauke ta WhatsApp ba wahala. Laccar awa guda kuwa, da wuya su saurara har ƙarshe, ku yanka ta gunduwa-gunduwa. Second Life na bukatar kwamfuta mai ƙarfi da intanet mara yankewa. In babu, aji zai yi ta tsayawa.