Amsa Ga Mai Son Zana Filin Jirgin Birnin Kebbi

Ɗana, abu biyu ka tambaye ni. Na farko, ko za ka iya shiga cikin masu aikin sa-kai da ke zana filayen jiragen sama kyauta domin X-Plane, manhajar nan ta kwaikwayon tuƙin jirgi. Na biyu, ko daidai ne ka fara da ƙera ginin matafiya na filin jirgin Birnin Kebbi a cikin Blender, manhajar ƙera siffofin abubuwa a kwamfuta, tunda hannunka ya soma faɗawa a kanta. Ta farko za ka iya, kuma na yarda ka yi bayan an tashi daga aikin shago. Ta biyun ban yarda ba.

Kamfanin Laminar Research, masu X-Plane, sun buɗe wata ma'ajiya mai suna Scenery Gateway, inda kowa zai iya miƙa filin jirgin da ya zana da manhajarsu ta kyauta, WorldEditor, wadda masu sana'ar ke kira WED. Akwai masu tantancewa da ke duba abin da aka miƙa, kuma wanda ya samu karɓuwa yakan shiga cikin manhajar kanta, ya isa ga duk mai amfani da ita a duniya. Sai dai ba sa karɓar ginin da mutum ya ƙera da kansa, ba sa kuma karɓar hoton ƙasa da aka shimfiɗa a matsayin daɓe. Da kayan da ke cikin rumbun manhajar kaɗai ake gini, wato bangaye da rufi da fitilu da shinge da motocin da suka riga suka tanada. Aikin gayya ne, kuma wanda ya je gayya irin mai gona yake shukawa, a kan kunyar da aka ja masa. Saboda haka ko ka kwashe wata shida kana goge ginin nan a Blender, ba shi da ƙofar shiga.

Kafin ka ja layi ko ɗaya, ka nemi filin da lambarsa. Filayen Najeriya duka da DN suke farawa: na Kano DNKN, na Sakkwato DNSO, na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa kuwa DNBK. Ka duba ko wani ya riga ya zana shi, ko ya sa alamar cewa yana kan aikinsa. Idan akwai tsohon zane, ka sauko da shi cikin WED ka ɗora gyara a kai, domin share aikin wanda ya riga ka ba tare da dalili ba rashin ladabi ne, kuma sau da yawa shi ya fi ka sanin abin da ya sa ya ajiye wani abu a inda ya ajiye shi.

Aikin gaske a ƙasa yake, a kan titin tashi da sauka. Matuƙin da ke gangarowa cikin hazon hunturu ba ruwansa da launin tagogin ginin matafiya. Abin da yake so shi ne titin ya kasance daidai inda na'urorinsa suka ce yake. Don haka wurin da kowane kai na titin yake, da faɗinsa, da tsayin filin daga doron teku, daga littafin bayanan jiragen sama na ƙasa ake ɗauko su, wanda ake kira AIP, wanda NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, ke fitarwa. WED za ta nuna maka hoton tauraron ɗan'adam a ƙarƙashin zanenka, kuma yana da amfani ƙwarai, amma kada ka ba shi cikakkiyar amana: yakan goce da 'yan mitoci, yakan tsufa, kuma dogon gini yakan fito a karkace, har rufinsa ya bar harsashinsa. Inda hoto da littafi suka saɓa a kan titin, littafi za ka bi. Ka kula da ma'auni kuma, domin tsayin fili da ƙafa ake rubuta shi, faɗin titi kuwa da mita, kuma masu koyo da yawa a nan suke tuntuɓe.

Lambar da ke bakin titi ma ba ado ba ce. Alƙiblar da titin ya fuskanta a kamfas ake raba wa goma. Wanda ya fuskanci digiri 62, alal misali, 06 za a rubuta masa, ɗaya kan kuma 24, domin tsakanin kawunan biyu kullum 18 ne. Fentin titin fari ne, na ƙananan hanyoyin da jirgi ke bi zuwa wurin tsayawa rawaya. Fitilun gefen titi farare ne, na gefen ƙananan hanyoyin shuɗaye, na bakin titi kuma kore ga mai sauka. Kada ka sa fitilar da babu ita a filin don kawai dare ya yi kyau.

Daga nan sai farfajiyar ajiye jirage, kuma a nan saninka na ɗan gari zai yi amfani. Kowa a Kebbi ya san filin nan da jigilar maniyyata, har a 2024 daga nan jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi. Ma'anarsa manyan jirage na shiga. Kowane wurin tsayawa da ka ajiye yana ɗauke da harafin girman jirgin da zai iya ɗauka: harafin C na masu faɗin fiffike ƙasa da mita 36 ne, irin Boeing 737, harafin E kuwa na masu mita 52 zuwa ƙasa da 65, irin Airbus A330. Idan ka yi kuskuren harafi, manhajar za ta ajiye ƙaton jirgi a inda fiffikensa zai ratsa bango. Haka nan hanyoyin da take bi wajen ba jirage umarni a ƙasa, dole kowane layi ya haɗu da ɗan'uwansa, in ba haka ba jirgi ya tsaya cik a tsakiyar fili. Wannan aiki ne mai gundura, ba ya fitowa a hoton da za ka nuna wa abokai, amma a kansa masu tantancewa za su iya mayar maka da aikinka. WED tana da maɓallin bincikar kurakurai. Ka riƙa danna shi tun da wuri, kada ka bari sai ranar miƙawa.

Gine-gine su ne na ƙarshe. Ka zaɓi wanda ya fi kusa da na gaske a tsawo da faɗi da hawa, ka bar shi haka. Wanda ke zana filinmu daga Jamus zai iya cika shi da korayen ciyayi da itatuwan ƙasar sanyi, kai kuwa ka san kalar ƙasar Ambursa da rani, to ka zaɓi abin da ya yi kama da ita. Kada ka cika farfajiya da motoci da akwatuna, domin kowane abu da ka ƙara nauyi ne a kan kwamfutar wani, kuma ba kowa ke da mai ƙarfi ba. Abin da ke ƙasa yau shi ake zanawa. Shi ya sa ba zan ba ka shawarar taɓa na Gusau yanzu ba, inda aka ƙaddamar da aikin gina filin jirgi a 2024, domin hoton da za ka samu zai iya kasancewa a bayan aikin.

Saura gargaɗi biyu da ba na wasa da su. Kada ka je bakin shingen filin jirgi kana ɗaukar hoto ba da izini ba, a wannan hali na tsaro da muke ciki. Jami'in da zai tare ka ba zai saurari labarin manhaja ba. Kada kuma ka ciro gini ko hoto daga aikin wani, na kuɗi ne ko na kyauta, ka sa a naka. Abin da ka miƙa wa Gateway a ƙarƙashin lasisin GPL yake tafiya, wato kowa na da damar ɗauka ya gyara, kuma ba ka da ikon bayar da abin da ba naka ba.

Ginin da kake marmari zai iya zuwa daga baya, a matsayin kunshi dabam da za ka raba da kanka, idan ka sami izinin ɗaukar hotunan bangayensa. A yanzu ka sauko da abin da ke akwai na DNBK, ka rubuto mini wurin da kawunan titin biyu suke a zanen da kuma a littafi, ka kawo ranar Asabar mu ga tazarar mita nawa ce tsakaninsu.