Ganyen masarata na naɗewa da rana, ko cuta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin rani ne a Kadawa. Bana na shuka masara, kuma ba na wasa da ban ruwa, amma da zarar rana ta take sai in ga ganyen ya naɗe ya koma kamar na albasa. Maƙwabcina ya ce cuta ce, in nemi magani in yi feshi. Mece ce gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi saurin kashe kuɗinka a kan magani. Abin da ka kwatanta ya fi kama da ƙishirwa, kuma masarar da kanta ce ke naɗe ganyen don ta tsira.

A jikin kowane ganye akwai dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani sai da madubin bincike, masana na ce musu sitomata. Ta nan iskar kabon ke shiga. Ganye ya haɗa ta da ruwan da saiwa ta zuƙo, hasken rana ya zame masa wuta, ya samar da sukarin da zai zama kara da zangarniya, sannan ya saki oksijin da muke shaƙa. Matsalar ita ce ƙofar guda ɗaya ce. Duk lokacin da ta buɗe don abinci ya shiga, tururin ruwa na ficewa ta nan. Ga shi iskar kabon kaɗan ce, kimanin kashi 0.04 cikin 100 na iskar da ke kewaye da mu, don haka dole ƙofar ta daɗe a buɗe. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da shuka ta sha a haka yake tafiya.

In kana son gani da idonka, ɗaure farar leda a reshen darbejiya mai ganye da hantsi. Na sha yi wa yara wannan a tsakar gidanmu. Kafin la'asar leda ta yi gumi, ruwa ya taru a gindinta, su kuwa su yi ta leƙe suna tambayar ta ina ya shiga.

To, a zafin Maris da Afrilu, iska a bushe take ƙayau. Ganye na zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya kawowa, ko da ƙasa na da danshi. Sai ƙofofin su tsuke, wasu manyan ƙwayoyin halitta da ke jere a saman ganyen su saki ruwansu su yanƙwane, ganye ya naɗe ya ɓoye fuskarsa daga rana. Amma ka sani, muddin yana naɗe, girkin abinci ya ragu sosai.

Masara ma cikin masu sa'a take. Ita da gero da dawa da rake suna da dabarar tara iskar kabon a can cikin ganye, shi ya sa ba sai sun wangale ƙofa ba. Hatch da Slack ne suka fayyace wannan a Ostareliya a 1966, a binciken da suka yi kan ganyen rake. Ruwan da irin waɗannan ke kashewa kafin su tara abinci bai fi kusan rabin na alkama ba. Dawa ta ƙara da farin garin nan mai kama da kakin zuma da ke goge maka a hannu in ka shafa karanta, shi ma tare ruwa yake yi.

Abin da nake so ka yi, ka je gonar bayan sallar asuba. In ka tarar ganyen ya warware ya miƙe, hankalinka ya kwanta. In kuwa har lokacin a naɗe yake, ƙishirwar ta yi nisa. Tona ƙasa kamar taƙi ɗaya ka dunƙula a hannu ka ji ko da danshi. Sau da yawa sama ce kawai ta jiƙe.

Kada kuma tsoro ya sa ka cika fangali ruwa ya kwana biyu a kwance. Saiwa ma numfashi take yi, in ta rasa iska sai ta kasa zuƙar ruwan da take ciki, ka ga masara ta yi yaushi ta koma rawaya. Inda ba na so ka yi sake ko na mako ɗaya shi ne lokacin da ta fara goyo tana fitar da gemu, domin ƙishirwar wannan lokaci ce ke barin zangarniya da giɓi.