Amsa ga ɗana a kan keso da lissafinsa

Ɗana, bayan gaisuwa, saƙonka ya iso ni nan Katsina, inda kake tambayar ma'anar maganar da wani dattijo ya yi a wurin ɗaurin auren ƙanwarka, cewa sadakin kakarsa keso biyu ne, da kuma dalilin da ya sa mutanen dā suka tsaya a kan wannan adadi.

Keso wuri 20,000 ne, kuma sunan ya samo asali daga tsohuwar tabarmar da ake ƙunshe kuɗin a ciki. Ba da ka aka zaɓi adadin ba, hannun mai ƙirga ne ya haife shi. Akan zube wuri a ƙasa, mai ƙirga ya riƙa jansa biyar-biyar da yatsunsa, ja arba'in ya tashi metan, wato 200, tsibi biyar na metan su ba da dubu, tsibi ɗari kuwa su cika keso. Bature Barth, wanda ya sauka Katsina a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500 a Kano, ka ga ke nan keso dala takwas ne cif.

Idan ka warware 20,000, ba za ka sami komai a cikinta ba sai lamba biyu guda biyar da lamba biyar guda huɗu ana ninka su da juna, shi ya sa lambobi 30 suke raba ta ba saura, tun daga 1 har ita kanta. Shafa'i ce, ba wutiri ba. Idan ka tara masu raba ta, ka ware ita kanta, za ka sami 29,203, jimillar da ta zarce ta, irin lambar da masana lissafi suke kira mai yalwa. Ba ta fitowa daga ninka wata lamba da kanta, domin 141 sau 141 yana tsayawa a 19,881, shi kuwa 142 ya wuce, amma rabinta, zambar goma, ɗari sau ɗari ne.

Inda keso yake gazawa, a ganina, shi ne zaman rabon gado. Nisfi da rubu'i suna fita lafiya, tumunin matar mamaci ma 2,500 ne ba ƙari ba ragi, amma da an zo kan sulusi sai a sami 6,666 da ragowar wuri biyu, sudusi kuma 3,333 da ragowar biyu, saboda babu uku a cikin ginin lambar, wuri kuwa ba a fasa shi.

Kada ka haɗa keso da jaka, kamar yadda samari suke yi. Jaka fam ɗari ce ta zamanin Turawa, wadda ta koma naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973. Sadakin kakar dattijon nan kuwa wuri 40,000 ne, kimanin dala goma sha shida a canjin da Barth ya gani.