Amsa kan finafinan ɗalibai na zamanin da babu murya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsofaffin finafinan Amurka marasa murya, masu labarin ɗalibai da wasanni da soyayya, sun cancanci kallo, kuma da wanne za ka fara. Na daɗe ina bibiyarsu, shawarata ka fara da The Freshman na Harold Lloyd, na 1925.

Sabon ɗalibi ne ya shiga kwalejin Tate da burin kowa ya san da zamansa. Ya nemi shiga ƙungiyar ƙwallo, irin ta Amurkawa da ake rungumar ƙwallon a ruga ana kayar da juna. Koci ya sa 'yan wasa suka yi ta gwada kayarwa a kansa, daga baya ya bar shi yana kai musu ruwa, shi kuwa a zatonsa ɗan benci ne mai jiran a kira shi fili. Kowa na yi masa dariya a bayan idonsa, ban da Peggy, wadda Jobyna Ralston ta taka. A daren rawar kwaleji, kwat ɗin da tela ya harhaɗa masa cikin gaggawa ta yi ta warwarewa a jikinsa, kuma a daren ne aka faɗa masa cewa abin dariya aka ɗauke shi. Ya ɗan yi ta maza, sannan ya fashe da kuka a gaban Peggy. Wallahi duk kallon da na yi wa wurin nan sai ya taɓa ni. Babu kalmar da ka ji, amma fuska da kafaɗu sun gaya maka komai. Shi ya sa wasanni suka dace da wannan zamani: gudu da faɗuwa da kunya ba sa buƙatar tafinta. Ka kuma lura da hannun daman shi Lloyd ɗin, ya rasa yatsu biyu a hatsarin da ya yi a 1919, da safar hannu ta musamman yake duk wannan kokawar.

Bayansa ka nemi College na Buster Keaton, na 1927. Gwanin karatu ne da ya raina wasanni, budurwarsa ta juya masa baya, ya shiga gwada kowane wasa yana kwasar kunya. Tsallen sanda ta taga da ya yi don ceto ta, Lee Barnes ne ya yi masa, zakaran Olamfik na 1924.

In kuma gasar jami'o'i ta gaske kake so, ga Brown of Harvard na 1926: Harvard da Yale a tseren kwale-kwale da ƙwallo, samari biyu kuma na takara kan 'yar farfesa. Ni dai bai kai na Lloyd a wurina ba, jarumin ya cika girman kai.

Ka tabbata kwafin da ka samu yana da kiɗa, domin a lokacin ma da mai fiyano ko makaɗa ake haska su a silima. Rubutun Turancin da ke fitowa tsakanin fage da fage gajere ne, ko ka tsallake shi za ka bi labarin.