Tambayoyinku: Tafiyar kwana biyar a kan keke a gaɓar Tafkin Kivu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokaina biyu muna hawan keke duk ƙarshen mako, mukan yi kilomita tamanin a rana ba tare da wahala ba. Muna so mu je Ruwanda mu bi hanyar nan ta bakin Tafkin Kivu. Shin horon da muke da shi ya isa? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Hanyar da kake nufi ita ce Congo Nile Trail, wadda aka buɗe a 2011. Tsawonta kilomita 227 ne, daga Rubavu a arewa zuwa Rusizi a kudu, ta ratsa Karongi da Nyamasheke. Masu keke kan gama ta cikin kwana biyar, masu ƙafa kuwa goma. Kilomita arba'in da 'yan kai a rana zai yi maka kama da wasa, to kada lissafin ya ruɗe ka. Tafkin kansa yana kan tudu mai kusan mita 1,460 sama da teku, hanyar kuma ba ta zama a bakin ruwa. Za ka hau dutse cikin gonakin ayaba da kofi, ka gangaro har ka ga ruwa a gabanka, sai kuma wani hawan. Haka za a yini. Tamanin ɗinku na fili ya gina muku numfashi, amma ƙafar hawa daban take. Ku sami wata biyu kuna neman tudu mafi tsawo a kusa da ku, ku hau ku sauko sau biyar ko shida, da kaya a kan keken, kuma ku yi haka kwana biyu a jere, domin abin da ke karya mutum shi ne tashi da safe da gajiyar jiya a cinya.

Tambaya: Wane irin keke ya dace, me kuma zan riƙe na gyara? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ɓangaren Rubavu zuwa Karongi yawancinsa turbar jar ƙasa ce da duwatsu, kudu da Karongi kuma kwalta ta fi yawa. Saboda haka keken dutse ake so, mai faɗin taya kamar inci 2.1. Abin da za ka fi dubawa shi ne giya. Ka ƙirga haƙoran fayafayan da sarƙa ke hawa: idan na gaba 32 ne, babban na baya kada ya gaza 42. Giya mai nauyi ita ke sa mutum ya miƙe tsaye yana danna feda, tayar baya ta riƙa sulɓewa a kan tsakuwa, kwana biyu gwiwa ta fara ciwo.

Sai birki, kuma a nan muke roƙonka ka natsu. Gangara mai tsawo da kaya tana sa faifan birki ya yi zafin da ba ya taɓuwa, idan kuma ka riƙe shi a matse tun daga sama, kafin ka kai ƙasa ya daina kamawa yadda ya kamata. Ka riƙa matsawa da ƙarfi kana saki, gaba da baya tare, ka ja jikinka bayan sirdi, ka rage gudu tun kafin kwana. In ka ji ƙauri, tsaya minti biyar. Ka tafi da sabbin robobin birki na gaba da na baya, domin laka mai yashi tana cinye su cikin yini guda.

A jaka kuma: tiyub biyu, kayan faci, famfo, makullan alanki, mahaɗin sarƙa, ɗan man sarƙa da tsumma, da ƙaramin ƙarfen nan da ke riƙe na'urar canza giya ta baya. Shi ne ke lanƙwashewa in keke ya faɗi ta dama, kowane keke kuma da irin nasa, ba za ka same shi a ƙauye ba. Kada ka cika iska tam kamar a kwalta. Wajen PSI 30 a ma'aunin famfo ya fi kama ƙasa. Kayanka duka kada su wuce kilo goma, a ɗaure a jikin keken, ba a bayanka ba. Hular kwano dole ce.

Tambaya: Yaushe ya kamata a je, yaya kuma batun ci da kwana? Daga wata mai karatu a Kumasi.

Amsa: Hajiya, Yuni zuwa farkon Satumba ne lokacin rani mafi tsawo. Ki guji Maris zuwa Mayu, lokacin da jar laka ke cushewa tsakanin taya da ƙarfe har keken ya ƙi juyawa. Daga Kigali, babban birnin ƙasar, mota za ta kai ki Rubavu cikin awa uku zuwa huɗu. Akwai masauki a zangon hanya, irin su Kinunu mai wurin wanke kofi, amma ki yi waya ki kama ɗaki tun da wuri, ki kuma riƙe kuɗin ƙasar a hannu. Ki tashi da hantsi bai yi ba, saboda wajen ƙarfe shida na yamma duhu yake yi duk shekara.

Ruwa ki sha kamar rabin lita duk awa, na gora ko wanda aka tafasa. Ki ci wani abu duk awa ko da ba ki ji yunwa ba, ayaba ko gyaɗa ko dabino, don in ƙarfi ya yanke a tsakiyar hawa ba ya dawowa da wuri. Da dare akwai wake da shinkafa da dankali, da isambaza, ƙananan kifayen tafkin da masunta ke kamawa da fitila, wanda ya sauƙaƙa wa mai neman halal. Ki nemi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wajen likita kafin tafiya. Kayanki kuma ki sa su a jakar da ruwa ba ya shiga, domin Ruwanda ta hana leda tun 2008, ana kuma iya karɓe ta tun a filin jirgi.