Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina

Malam, tambayarka ita ce ko a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina ko a 1991, tunda gardama ta kaure a majalisarku. A 1987 ne, ranar 23 ga Satumba, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Daga tsohuwar Jihar Kaduna aka cire ta, rana ɗaya da Akwa Ibom.

Abin da ke rikita mutane, musamman mu nan Daura, Jigawa ce. Ita aka yanka daga Kano a 1991, ga Kazaure nan kusa da mu, sai shekarun biyu su cakuɗe wa mutum. Ni kaina wannan tambayar ce ta kayar da ni a gasar kacici-kacici ta makaranta, har yau abokaina ba su daina tsokanata ba.